Kunkuru a Kwalin Ayaba

"Ɗauke hannunki daga hitar motar nan, Delfina."

"Vovo, sanyi ne fa ya sandarar da kunkurun nan. Ba ɗumi yake nema ba?"

"Ɗumin gaggawa shi zai ƙarasa shi. Duk littattafan da kika haɗiye, babu wanda ya gaya miki?"

Kakana Amaro, wanda nake kira Vovo, ya shekara arba'in yana su a gaɓar tekun Cape Cod ta Amurka. Yanzu duk Nuwamba yana bin gaɓar gandun dabbobi da safe, yana tsintar kunkurun teku da sanyi ya sumar, igiyar ruwa ta watso. Ni ziyarar kwana biyu na zo, in ga fadama da tsuntsayenta. Sai ga shi ni ce na yi tuntuɓe da wannan cikin ciyawar teku, bai fi faranti ba, kai a langaɓe. Har na ɗauke shi zan mayar ruwa, Vovo ya riƙe ni, ya ce nitsewa zai yi.

Yanzu kunkurun yana kan cinyata a kwalin ayaba, gilasan mota a sauke, iska na yankar kunnuwana kamar reza. Tafiyar minti arba'in zuwa ofishin gandun. Na sunkuya ina ba shi labarin ruwan kudu mai ɗumi, hawaye na ɗiga a bayansa.

"Hira kuke yi? Tambaye shi ko yana da wa, a ɗaura aure mu huta."

"Kalli hanya dai, tsoho."

Lorna, mai kula da dabbobin, ta karɓi kwalin. Ta taɓa gefen idon kunkurun da yatsa. Shiru. Ta sake taɓawa.

Fatar idon ta motsa. Can kuma hannunsa na gaba ya karci kwalin, sau ɗaya, a hankali.

"Da ransa," in ji Lorna. "Kun kawo shi yadda ake so. Kaɗan-kaɗan za mu ɗumama shi, kwana da kwanaki."

"Jikata ta tsinto shi," Vovo ya ce, yana ta fyace hanci wai mura ce.

Ban taɓa jin zuciyata ta cika haka ba. Na tambayi Lorna ko akwai sauran irinsa a gaɓar. Ta ce ɗaruruwa, masu tsinta ne ba su da yawa.

Na ce, "To bas ɗin da zan koma gida gobe ta tafi ba ni. Rubuta sunana cikin masu zagayen safe, har sai an tsinci na ƙarshe."