Eriyar Ɗakin Baya

Tun da Direba ya faɗi a banɗaki ƙafarsa ta hagu ta daina ɗaukarsa, likita ya ce shi da hawa bene sai dai labari. Aka sauko da shi daga ɗakinsa na sama zuwa ɗakin baya, wanda ke jingine da kicin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota, da guminta ya gina gidan. Yanzu babban ɗansa ne ke riƙe da komai, wanda kowa ke kira Manaja saboda aikinsa na banki, shi da matarsa da 'ya'yansu uku.

An kwashe buhuna da karyayyun kujeru daga ɗakin, an share, an kafa gado. Aka ɗora masa ƙaramar talabijin ɗinsa a kan tebur. Da aka kunna, ba ta nuna komai ba sai tsaki-tsaki fari da baƙi. Manaja ya duƙa yana bin bango, yana neman inda ake jona eriya. Ya ja gado, ya leƙa bayan ƙofa.

"Baba, ɗakin nan ba a jawo masa wayar eriya ba."

"Na sani," in ji Direba.

Ya sani, don shi ya hana. Lokacin ginin, mai haɗa wuta ya tambaye shi ko a kawo waya nan ma. Ɗakin mahaifiyarsa ne a lokacin. Ya ce tsohuwa me za ta kalla, rediyo ya ishe ta. Shekara tara ta yi a ciki har ta rasu, ba ta taɓa cewa komai ba. Wani lokaci dai takan zo ta tsaya a bakin ƙofar falo idan ana wasan kwaikwayo, ta ɗan kalla a tsaye, ta koma.

Shi kuwa abu ɗaya yake so ya gani. Autarsa ce ke karanta labaran ƙarfe shida a tashar gari, Litinin da Laraba da Alhamis. Ranar da ta zo masa da takardar ɗaukar aikin, shekara biyar da suka wuce, ya ce mata a gaban kowa duk ranar da ta sa fuskarta a akwatin nan kada ta sa ran zai kalla. Ta karɓi aikin. Tana zuwa gaishe shi duk bayan mako biyu, su yi maganar lafiya da zafi da yara, ba wanda ke taɓo zancen aiki. Abin da ba ta sani ba, tun makonta na farko yake rufe ƙofarsa a sama ƙarfe shida saura, ya rage sauti, ya zauna dab da talabijin. Marigayiya matarsa kaɗai ta sani, kuma ta tafi da sirrin.

Litinin ta farko a ɗakin baya, ya dogara sanda ya ja ƙafa har falo. Ya tarar da matar Manaja da ƙawayenta biyu suna kallon fim. Ta miƙe da sauri ta gyara masa kujera, ta ɗauko rimot.

"Sannu Baba. Wace tasha za a sa maka?"

Ya dubi matan, su ma suka dube shi. Duk dangi sun san rantsuwar da ya yi. Ya ce ƙafa kawai yake motsawa, likita ya ce ya riƙa tafiya. Ya juya ya koma.

Ya yi wa Manaja magana, Manaja ya ce gobe. Goben ta kai mako uku. Da aka kawo wani mai haɗa wuta, ya duba ya ce aikin ba wuya, za a sauko da waya daga eriyar saman gida ta bin bangon waje, a huda nan kusa da taga. Manaja ya shafa gemu. Wata biyu ke nan da aka yi wa gidan sabon fenti.

"Baba, a bari damina ta wuce, in za a sake taɓa fentin sai a haɗa gaba ɗaya. Ko in sa maka a wayar hannu? Komai ana kallo a waya yanzu."

Ya sa masa. Direba ya kai wayar kusa da ido, ya nesanta ta, bai ga komai ba sai mutane kamar ƙudaje. Ya miƙa masa abarsa.

Daga nan ya fara dabarunsa. Ya warware ƙarfen rataye kaya, ya cusa bakinsa a bayan talabijin, ya lanƙwasa shi sama. Ya naɗa masa takardar azurfa ta kwalin shayi. Ya rataya murfin tukunya a kai. Ranar wata Laraba murya ta fito daga cikin hayaniyar, muryar Auta, tana zuwa tana ɗaukewa. Hoto kuwa ko inuwa babu. Tagar ɗakin tana kallon doguwar katangar maƙwabci, tazarar da ke tsakaninsu bai fi mutum ya ratsa a karkace ba.

Mai Walda ne ya same shi a haka, yana riƙe da murfin tukunya a sama kamar mai tare rana. Tsohon abokinsa ne, shi ke yi masa waldar mota tun suna da baƙin gashi. Ya yi dariya har ya zauna a bakin gado.

"Mutumina, girki kake ko kallo?"

"In za ka taimaka ka taimaka."

Bayan kwana biyu ya dawo da wani abu mai kama da ƙashin kifi, wanda ya haɗa da guntayen alminiyam na tsohuwar taga, da dogon bututu, da waya nannaɗe a kafaɗa. Ya ratsa ta lungun bayan ɗakin yana nishi, ya zuro wayar ta taga, ya ɗaga bututun har ƙashin kifin ya haura katanga.

"Ya zo?"

"Bai zo ba. Juya hagu."

"Hagunka ko haguna?"

"Wajen tankin ruwa. Tsaya. Ka wuce. Dawo kaɗan."

Sun kai rabin awa a haka. Can sai tsakin ya fara haɗuwa, kafaɗu suka fito, sannan fuska. Auta ce, da mayafi ruwan toka, tana duba takarda tana ɗagowa. Direba ya ƙura mata ido.

"Na ce ya zo?" in ji Mai Walda daga waje.

"Ɗaure shi a nan. Kada ka motsa."

Da ya shigo yana kaɗe tsatsa daga hannu, ya tsaya ya kalli talabijin, ya kalli abokinsa.

"Ashe ba labaran kake nema ba."

"Kula da aikinka," in ji Direba, bai ɗauke ido ba.

Kwana tara eriyar ta yi a tsaye. Sau huɗu ya ga Auta. Ya lura ta rame, ya lura tana taɓa kunnenta na dama kafin ta fara, irin yadda uwarta ke yi in za ta yi magana a gaban baƙi.

Ranar Alhamis da safe ya ji ana jan waya ta taga. Kafin ya lalubo sanda, talabijin ta koma tsaki. Manaja ya shigo da eriyar a hannu, haƙarƙarinta biyu sun lanƙwashe wajen fitowa daga lungu. Ya ce manyansa na ofis za su zo cin abinci ran Asabar, kuma daga bakin titi ana hango abin nan a saman katanga.

"Baba, kamar shagon 'yan gwangwan fa. Mutane za su ce na kasa yi maka eriya."

"Ka yi ne?"

Manaja ya jingine ta a bayan ƙofa. Ya ce a yi haƙuri, in baƙi sun tafi za a san abin yi. Ya duba agogo ya fita.

Direba ya kira Mai Walda, aka ce ya je asibiti da ciwon baya, tun ranar da ya ɗaga bututun nan yake fama. Ƙarfen rataye kayan kuma mai shara ta riga ta zubar. Ƙarfe shida ta same shi zaune a bakin gado, yana jin dariyar jikokinsa daga falo.

Ran Lahadi Auta ta zo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi ƙafa, ta ajiye masa lemo da man zafi. Sai ta ce tana da magana. An yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, za su tashi ƙarshen wata. Ta ajiye aiki.

"Ran Alhamis na karanta na ƙarshe. Ban gaya maka ba, Baba, tunda na san ba kallo kake yi ba. Ka ga yanzu hankalinka ya kwanta."

Ta faɗa da murmushi, amma tana dubansa, tana jira. Direba ya buɗe baki zai gaya mata yana kallonta, ya fasa. Ya dubi lemon da ta kawo.

"Allah ya sa hakan ne alheri," ya ce.

Ta sunkuyar da kai. Da ta tashi tafiya, mayafinta ya maƙale a wani abu a bayan ƙofa. Ta ciro shi a hankali.

"Wannan fa mene ne?"

"Tarkacen Mai Walda ne. Ya bari a nan."

Ta kunna talabijin don ta bar masa abin ɗebe kewa, ta ga tsaki. Ta danna, ta sake dannawa. Ya ji ta a falo tana yi wa yayanta faɗa ƙasa-ƙasa, cewa wata biyu an bar tsoho a ɗaki ko abin kallo babu, wannan wane irin abu ne.

Ran Talata mai haɗa wutar ya dawo da tsani. Minti arba'in aikin ya ɗauka. Hudar da ya yi a bango ba ta fi kaurin yatsa ba, ya toshe gefenta da farin siminti, sai ka matso za ka gane. Hoto ya fito tar, tasha goma sha ɗaya.

Da yamma Manaja ya shigo da kayan ofis a jikinsa, ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana canza tashoshi ɗaya bayan ɗaya don uban ya gani. Matarsa ta leƙo tana cewa kai, har ya fi na falo kyau.

"Baba, ka gani? Da ma na ce maka za a yi."

"Na gani. Allah ya yi albarka."

"Wacce za a bar maka?"

"Duk wadda ka ga dama."

Manaja ya bar masa wasan ƙwallo, ya ajiye rimot a kan tebur, suka fita suka ja ƙofa. Teburin ya yi wa Direba nisa daga gado, sandarsa kuma ta zame ta faɗi ƙasa. Ya kwanta ya juya fuskarsa bango, 'yan ƙwallo suna ta gudu a bayansa har aka kawo abincin dare.