Ɗan Aiken da Hansai Ke Jira

Ina tallafe da kan Hansai ina ba ta kunu a ludayi sai muka ji ƙugin mota a bakin lungu. Matar da ta kwana biyu ko hannu ba ta iya ɗagawa, sai ga ta tana neman tashi zaune.

"Mairo, leƙa mini. Ko shi ne?"

Ban tambaye ta wa ba. Duk unguwarmu ta magina tukwane a Wudil an san wanda take jira. Katanga ce kawai tsakanina da ita tun ina amarya, a gabana 'ya'yanta suka girma, Halliru da ƙanwarsa Safara'u mai amosanin jini. In ciwon ya taso wa yarinyar nan, har ɗakina nake jin kukanta. Shi ya sa da gwamnati ta samu kuɗin mai ta fara tura yara karatu ƙasar waje, Halliru ya ce shi ciwon jini zai karanta.

Da ya zo hutu, muna tsakar gida Hansai na kwaɓa yumɓu, ya ce mata ciwon nan gadonsa ake yi, can cikin halittar mutum matsalar take, jiƙo da allura ba sa kaiwa wurin. Su masu bincike abin da suke nema shi ne ɗan aiken da zai kai gyara har can. Hansai ta ji "ɗan aike", ta riƙe gam. Ni ma dai mutum na ɗauka.

Tun daga nan kowace Juma'a, ranar kasuwa, ta bar layin magina ta koma baje tukwanenta inda motocin Kano ke sauke mutane. Duk baƙon da ya sauko da jaka sai ta bi shi da ido. Ta gina wani ɗan tulu mai zane ta hana kowa shan ruwansa, wai na baƙo ne, zai iso da ƙishi. Nakan tsokane ta in ce ɗan aiken nan ko a jaki ya taso ai ya ci a ce ya iso. Sai ta ce in ƙyale ta, teku ne a tsakani.

To, da na leƙa, Halliru ne da kansa, ashe wayar da aka buga masa ta same shi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, amma idonta na kan ƙofa. Ta tambaye shi ina mutumin.

Da ya gane abin da take nufi, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce ai ba mutum ba ne. Ƙwayar cuta ce, irin wadda ido ba ya gani, wadda ta iya kutsawa cikin jiki. So suke su cire mata dafi su ɗora mata gyaran ta kai. Ya ce har yanzu a kwalba suke gwaji. Ɗan abin da ya gano, masana a wasu ƙasashe sun karanta sun ɗora nasu a kai, amma aikin na iya cinye rayuwarsa duka.

Wallahi raina ya ɓaci. Da ya yi shiru me zai rage shi? Uwa na gargara ka zo kana mata karatu! Safara'u na tsaye a bakin ƙofa da idanunta rawaya, ta sunkuyar da kai.

Can Hansai ta ce, "Amma yana tafe dai?"

"Yana tafe, Inna. Sai dai ban sani ba ko zai tarar da Safara'u."

"To, akwai 'ya'yan wasu. Kai dai kada ka bari ya tsaya a hanya."

Ta juya ta zuba wa 'yarta ido har hawaye ya gangara cikin kunnenta. Ba don 'ya'yan wasu ta yi shekaru tana zaman tasha ba, mu duka mun sani.

Washegari bayan la'asar ta cika. Halliru ya koma bayan sadakar bakwai. Har yanzu in Juma'a ta zo na ji motocin Kano sun hau gada, sai kewarta ta kama ni.

Rannan na shiga duba Safara'u, ciwon ya kama mata ƙafafu. Na tarar ta rarrafo tsakar gida, ta juye ruwan jiya na ɗan tulun a gindin zogale, tana cika shi da sabo.