Gubi Ba Ya Amsawa

Sau huɗu ke nan Malam Ladan yana wucewa ta ƙofar ɗakin taswira, kowane karo da abin da yake riƙewa don kada a ce leƙe yake yi. Na farko tsintsiya, na biyu kwalin takarda, na uku shi kansa bai san abin da ya ɗauko ba. Shekara goma sha tara yana kula da sito a wannan ofishi na haƙa rijiyoyin burtsatse da ke GRA, ba abin da ya haɗa shi da ɗakin taswira. Sai dai 'yarsa Sauda tana ciki, kuma tun ƙarfe takwas kwamfutarta ta ƙi buɗe mata.

Ba irin kwamfutar shagunan buga takardu ba ce. Unix ake kiranta, allonta faffaɗa, mai nauyi kamar buhun masara, a cikinta taswirar kowace rijiya da ofishin ya taɓa haƙawa take. Wata shida da suka wuce Malam Ladan ya cire kunya ya roƙi Madam Roda, shugabar sashen, ta gwada yarinyar a kanta, tunda abin da ta karanta ke nan. Madam ta ce gwaji ne. Yanzu takardar tabbatar da aikin tana kan teburinta, sa hannu kawai take jira. Gobe kuma baƙin da suka ba da tallafin rijiyoyin za su zo, taswira suke son gani a buge.

Da ya zo wucewa na biyar sai ya tsaya.

Sauda ta rubuta sunanta, ta rubuta kalmar sirri, ta danna. Ba a ce mata ta yi kuskure ba, ba a kuma buɗe ba. Allon ya tsaya yana kallonta. Can sai wani layin Turanci ya fito a ƙasa, ya sake fitowa, ya sake. Ta kashe ta kunna, ta taɓa kowace waya a bayan teburin. Haka dai.

"Jiya lafiya lau take," in ji Madam Roda, tana tsaye a kanta da tabarau a hannu. "Ke kaɗai kike taɓa ta. Me kika saka mata?"

"Ban saka komai ba, Madam."

"To aljanu ne? Sauda, ni ba na son dogon Turanci. In ba a buga taswirar nan yau ba, ni da ke ba mu da abin da za mu gaya wa juna."

Malam Ladan ya bar bakin ƙofar. Ya koma sito, ya zauna, ya miƙe, ya gyara tsarin fatanyu da ba su buƙatar gyara. Ya tuna yadda uwar yarinyar ta riga ta gaya wa duk matan layinsu a Ƙofar Ran cewa Sauda ta zama ma'aikaciya. Ya tuna ƙannenta huɗu da suke binta da ido duk safiya in ta ɗauki jaka. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiranta da shi ba, Mamana yake ce mata. A ofis kuwa ko wannan ba ya cewa. Gaisuwa kawai, kowa ya kama gabansa.

Ya sake fitowa. Ya tarar Madam da Sauda sun koma bakin taga, inda waya take samun layi, an buɗe muryar wayar, kowa yana ji. Matthias ne, injiniyan da ya haɗa na'urorin shekaru biyar da suka wuce, yanzu yana Jos da iyalinsa.

"Karanta mini abin da ya rubuta, ƙanwata," in ji Matthias da Hausarsa ta kasuwa. "Kada ka tsallake ko ɗaya."

Sauda ta karanta, sannan ta juya wa Madam da Hausa. "Cewa take tana kiran Gubi, Gubi ba ya amsawa, tana nan tana sake gwadawa."

"Shi ke nan, babu abin da ya lalace," in ji Matthias. "Wannan babban kwamfuta, jiki ne kawai. Ba shi da sunan kowa a kansa. Sunaye da kalmar sirri duka suna wurin Gubi. Ka buga ƙofa, shi kuma ya je ya tambayi Gubi ko ya san ka. In Gubi bai amsa ba, ko gwamna ne zai kwana a waje."

"Wane ne kuma Gubi?" Madam ta tambaya.

"Madam, ni na sa masa suna, saboda dam ɗin Gubi da ke ba garinku ruwa. Ƙaramin akwati ne, toka-toka, babu allo babu kibod. Yana ƙarƙashin tebur a ɗakin firinta. Na manna masa takarda da sunansa. Ku je ku duba ko wuta na shiga."

Malam Ladan ya jingina da bango.

Ƙa'idar ofishin ce, tun kafin a kawo kwamfuta: in baƙi za su zo, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a kwashe duk abin da ya tsufa a kai sito har su tafi. Kujera mai ƙafa uku, fanka da ba ta juyawa, tsohuwar kalanda. Aikinsa ne, kuma yana alfahari da shi. Jiya bayan an tashi, an ɗauke wuta, an kashe janareta, ya karɓi makulli a hannun Sauda ya ce zai share. A ƙarƙashin tebur ya ga akwatin, ya yi ƙura, kashin tsaka a kansa, shiru kamar dutse. Kwamfuta ba fuska ba hannu, ai gawa ce. Ya zare wayoyi biyu, ya kai shi sito. Wurin ya yi fili da yawa, shi ya sa da safe ya ɗauko tukunyar fulawa daga gida, ya riƙo ta a cinya a cikin keke napep, ya ajiye a gurbin.

Ya bi bayansu zuwa ɗakin firinta.

Madam ta sunkuya. Babu akwati. Sai tukunyar ƙasa mai tsagewa a baki, an ɗaure ta da jar waya, da wayoyi biyu a yashe a bayanta.

"Fulawa," in ji Madam. "Matthias, Gubinka ya yi tsiro." Ba wanda ya yi dariya. Ta kashe wayar ta miƙe. "Kayan ofis ba sa tafiya da ƙafarsu. Makullin ɗakin nan a hannun wa yake?"

"A hannuna," in ji Sauda.

"To ina akwatin?"

Sauda tana kallon tukunyar. Ita ta ɗaure mata jar wayar nan da hannunta, bara, da ƙaninta ya buge ta da ƙwallo. Malam Ladan ya ga lokacin da ta gane. Ba ta waiwayo inda yake ba. Ta sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, Madam."

"Kin ba wani makullin?"

"Yana jakata."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba." Madam ta duba agogo. "Zan shiga wurin darakta. Kafin in fito ki tuna."

Malam Ladan ya koma sito ya rufo ƙofa. Ga akwatin nan a kan tarin tayoyi, ga 'yar takardar da ta yi ja, an rubuta Gubi. Jiya ma ya ga rubutun, bai dai tsaya tambaya ba. Ya zagaya ɗakin. An kusa kiran Azahar, yawancin mutane za su tafi masallacin bayan gareji, Madam tana sama. Minti uku ya ishe shi ya mayar da shi ba wanda ya gani. Ya ɗauka har ya kai ƙofa, ya dawo ya ajiye. In akwati ya ɓace ya kuma dawo da kansa, me za a ce? Yarinya ta ɗauka, ta ji tsoro, ta mayar. Kwamfuta za ta buɗe, taswira za ta fito, amma takardar can ba za ta taɓa ganin biro ba. Shi kuma fa? Shekara goma sha tara ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Direbobi za su samu abin dariya har ya yi ritaya.

Ya ji ƙarar takalmin Madam tana saukowa daga bene.

Bai ɓoye akwatin a cikin riga ba. Ya rungume shi a ƙirji ya fito tsakiyar baranda, daidai lokacin da masu alwala suke jere da butoci.

"Madam, ga shi. Ni na ɗauke, jiya da yamma. Na ɗauka ya mutu ne. Ni na karɓi makulli a hannunta. Ba ta san abin da na yi ba sai da ta ga tukunyar gidanmu, ta yi shiru don ni."

Madam Roda ta dube shi, ta dubi akwatin.

"Baba Ladan, tun safe kana yawo da tsintsiya, ashe ɓarawon yana hannunka." Wani direba ya tuntsire, ta harare shi ya haɗiye. "Kawo. Mu gani ko kun bar masa rai."

Sauda ta durƙusa ta ja tukunyar gefe. Ta hure ƙurar, ta maƙala wayar wuta, ta maƙala ta sadarwa, ta danna. Ɗan koren haske ya kama. Ta kara kunnenta a jikin akwatin.

"Yana duba kansa," ta ce. "Kada kowa ya taɓa. Baba, matsa da ƙafarka daga wayar."

Ya matsa. Karo na farko ke nan da ta ba shi umarni, kuma a gaban mutane. Aka tayar da salla a bayan gareji, yana ji, bai iya ɗagawa ba. Akwatin yana ƙurƙur, ya yi shiru, ya sake. Ya ƙirga tasbihi a yatsu ya ɓata lissafi. Minti goma sha biyu suka yi kamar yini.

Suka koma ɗakin taswira. Layin Turancin ya daina fitowa. Sauda ta rubuta sunanta, ta rubuta kalmar sirri. Allon ya yi duhu, ya dawo shuɗi, taswirar Ningi ta shimfiɗu da ɗigo-ɗigon rijiyoyinta.

Madam ta mayar da tabarau. "Ki fara bugawa. In kin gama ki zo ki karɓi takardarki, amma ki sani, ranar da kika sake ce mini ba ki sani ba alhali kin sani, ko don ubanki ne, za mu ɓata." Ta juya. "Kai kuma Baba, taka takardar daban ce. Za ka rubuta mini bayani kafin a tashi."

"To, Madam."

"Ka kwashe mini gonarka."

Ya ɗauki tukunyar ya nufi sito. A bakin ƙofa ya tsaya, ya dawo da baya.

"Mamana," ya ce a hankali, "wannan bayanin, da Turanci ake rubutawa?"

Sauda ba ta ɗauke ido daga allon ba. Firinta ta riga ta fara jan takarda.

"Ka je ka yi salla, Baba. Ka kawo biro in ka dawo."