Tsayuwa a Tsohuwar Tasha

Shekara ashirin da shida keken Andoni, mijin Nekane, ya yi rataye a bangon falonta, kuma ba a taɓa ganin ƙura a jikinsa ba. Ita ba ta iya hawa ba. Tun tana yarinya uwarta ta ce keke na maza ne da masu raba wasiƙa, daga baya ɗinki ya ɗauke mata hankali, har ta yi aure ta haihu ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba. Sai ga ta tana da shekara sittin da uku, wata Litinin da yamma, ta sauko da keken, ta kai wa mai gyara ya sauke sirdin iyakar saukarsa, ta ja shi zuwa filin bayan tsohuwar masana'antar takarda. Sau tara ta faɗi a ranar, ta koma gida gwiwa duk jini.

A garinmu namiji zai iya tsallake coci ran Lahadi ba wanda zai ce masa uffan, amma in ya tsallake hawan keke sai an bi shi gida dubiya. Andoni da amininsa Koldo ne suka kafa ƙungiyar mahaya keke, lokacin da jirgin ƙasa ya daina bi ta kwarinmu aka ɗauke ƙarafan layin dogo aka zuba tsakuwa a gurbinsu. Hanya ce siririya, kogi a hagu, dutse a dama, da ƙyar keke biyu ke wuce juna. Duwatsun awo na zamanin jirgi suna nan, ɗaya a kowace kilomita. Dokar ƙungiya kuwa tsohuwa ce: layi ɗaya ake yi, na gaba shi ke shan iska, in an kai dutse ya kauce ya koma baya, na biye da shi ya karɓa. Kuma na gaba shi ke da iko da layi. In ya ɗaga hannu kowa sai ya kama birki, domin tsakanin taya da taya bai fi taƙi ɗaya ba.

Tsakanin dutse na goma da na sha ɗaya tsohuwar tasha take. An mai da ita ɗakin shan gahawa, kuma a can ƙungiyar ke tsayawa kowace Lahadi a ci wainar ƙwai da dankali, a yi ƙaryar gudu. Wata Lahadi cikin Satumba Andoni ya shiga da gora a hannu zai ɗebo ruwa. Akwai wata jaka mai bam a ƙarƙashin kantar sayar da gahawa, an ajiye ta ne domin 'yan sandan da ke shan gahawa a wurin. Mutum uku bam ɗin ya kashe: Rafa, ɗan sanda daga can kudu, da Usoa mai kawo gahawa, da Andoni. Abin da aka kawo wa Nekane agogonsa ne, da zobensa, da wata gorar roba da gefenta ya narke. Keken kuwa ko ƙwarzane babu, don a waje ya jingine shi.

Abin da ya biyo baya shi ne abin kunyarmu, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Mutanen da suka dasa bam ɗin suna da kunne a kowace mashaya, sai kowa ya ɗinke bakinsa. Matan da Nekane ta ɗinka wa rigunan aure suka riƙa tsallaka titi in sun hango ta. Ranar jana'iza benci biyu ma ba su cika ba, kuma Koldo, wanda ya tsaya wa Andoni ranar aurensa, bai zo ba. Ƙungiyar ta ci gaba da fita, amma daga ranar ba ta sake tsayawa a tasha ba. Da an wuce dutse na goma sai kowa ya sunkuyar da kai ya taka feda, sai an wuce a dawo da hira.

Masu bam ɗin sun ajiye makamai tuntuni, tsoro ya tafi, amma sunkuyar da kan yana nan. An gyara ginin an rufe, famfo ɗaya kawai ya rage a jikin bango. Sau uku Nekane ta je majalisar gari tana neman a rubuta sunayen nan uku a bangon, sau uku aka ce ta yi haƙuri sai zukata sun huce. Ni dai ban san irin zuciyar da ke shekara ashirin ba ta huce ba. A karo na uku ta tashi ta fita ba sallama, kuma washegari ta sauko da keken.

Shekara guda da rabi ta yi tana koyo. Daga filin masana'anta ta koma kan hanyar, ita kaɗai, ranakun da ba kowa, cikin yayyafin nan namu da ba ya jin magana. Ta koyi shan ruwa ba tare da tsayawa ba, ta koyi sakin hannu ɗaya. Ba gudun a zo a gani take nema ba, don 'yan ƙungiyar ma yanzu tsofaffi ne, kowa da tumbinsa da ƙwayar hawan jininsa a aljihun baya.

Wata Lahadi cikin Afrilu ta bayyana a dandalin gari sanye da rigar ƙungiya ta Andoni, ta rage ta daidai jikinta. Hira ta mutu nan take. Peio mahauci, wanda bakinsa ba ya iya zama shiru ko a coci, shi ya fara samun murya.

"Nekane, kasuwa ai ta can take. Ko kin manta kwandon ne?"

"Kai ma ka manta ƙugunka a gida, Peio, ga shi ba a hana ka fitowa ba."

Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi don a samu wurin ajiye ido. Koldo, wanda yanzu shi ne shugaba, ya daɗe yana kallon keken, sannan ya ce cikin ladabi tafiyar da nisa, kuma layi ba wasa ba ne. Ta amsa masa cewa doka ta ce duk mai keke da riga zai shiga, kuma ta san dokar sarai, tunda a kan teburin ɗinkinta aka rubuta ta.

Suka karɓe ta yadda ake karɓar baƙon da ake jin nauyinsa. Duk lokacin da gaba ta zo kanta sai wani ya yi wuf ya wuce, a ce ta huta, iska ba ta mata ba ce. Ta ƙyale su. Wata biyar tana bin bayansu tana kallon yadda kawuna ke sunkuyawa a dutse na goma, haushi na cin ta. Lissafinta ɗaya ne: wanda ya tashi daga dandali a matsayi na sha ɗaya, shi ke gaba in an zo tasha.

Ranar da abin ya cika shekara ashirin da takwas ta faɗo ran Lahadi. Da safe Nekane ta buɗe akwatin zarenta ta ɗauko gorar nan mai narkakken gefe, ta sa ta a maƙalin keke. Mutum goma sha huɗu suka fito. Ta tsaya tana gyara igiyar takalmi har goma suka shige, sannan ta faɗa layi, Koldo na bayanta. Ba wanda ya ambaci kwanan wata, ko da yake ta ga Peio ya duba agogonsa ya kawar da kai.

Dutse na biyar, na shida, na bakwai. Kogin ya cika da ruwan daren jiya, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin tayoyi. Ta ji tsoro sosai, ba na mutanen ba, tsoron kada ƙafarta ta ba ta kunya. A dutse na tara saura mutum ɗaya a gabanta, kuma a nan ne Koldo ya gane. Shi ma ya iya ƙirga duwatsu. Ya matso har tayarsa na neman taɓa tata.

"Nekane, bari in karɓar miki wannan. Akwai iska a kwanar nan."

"Wata biyar kuna karɓar mini. Yau ni zan karɓa."

"Don Allah, Nekane."

Ba ta waiwaya ba. Dutse na goma ya zo, na gabanta ya kauce, iska ta bugi ƙirjinta a karo na farko. Ta ji layin duka a bayanta yana matso ta, kowa ƙafarsa na son ƙara wuta kamar yadda ta saba. Ta riƙe tafiyarta yadda take. Rufin tasha ya ɓullo daga bayan itatuwa, sai ta saki hannun dama ta ɗaga shi sama.

Birki goma sha uku suka yi kuka lokaci ɗaya. Ba wanda ya yi shawara da zuciyarsa, hannu ne ya yi abin da ya shekara arba'in yana yi. Ta sauka daidai ƙofar, ta gicciye keken a kan hanya, kogi a hagu, ginin a dama, ba ta inda za a bi. Maza goma sha uku suka tsaya ƙafa ɗaya a ƙasa, kowa na kallon tayarsa ta gaba.

Ba ta yi jawabi ba. Ta faɗi sunayen ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda take faɗin awon riga. Rafa, shekara ashirin da huɗu, matarsa na da ciki. Usoa, shekara goma sha tara, ta san yadda kowannensu ke shan gahawarsa. Andoni, shekara talatin da tara. Wani daga baya ya yi gunaguni cewa an ce a bar tuna baya, ta ce masa in yana sauri ya ɗauki kekensa a kafaɗa ya bi ta kogi. Bai motsa ba. Peio ya cire hularsa, sai ga hawaye a fuskar nan tasa mai kamar burodi.

Koldo ya jingine kekensa ya tako. Ya tsufa ƙwarai a 'yan matakan nan.

"Akwai abin da ba ki sani ba. Ranar nan, ba don kansa Andoni ya shiga ɗebo ruwa ba."

"Na sani."

Ta zaro gorar ta juya gindinta sama. A ƙungiyar kowa a gindin gora yake rubuta sunansa, don kada a yi musanya. Tawadar ta koɗe, amma harufan suna nan, sunan Koldo ne.

"Tasa cike take a jikin keke ranar da aka kawo mini shi," in ji ta. "Ka ce ƙafarka na ciwo, ko? Kullum haka kake ce masa. Ban taɓa riƙe ka da wannan ba, Koldo, ba kai ka ajiye jakar ba. Bencin coci na riƙe ka da shi. Na yi ta waiwaye ina neman ka har aka rufe akwati."

Ya ce ya kasa ne, ya kasa haɗa ido da ita. Ta ce ta gane, shi ya sa ta kawo masa idon har inda yake. Sannan ta miƙa masa gorar.

"Ungo. Yau kai za ka cika ta da kanka."

Ya karɓa da hannu biyu. Daga inda suke zuwa famfon bai fi taku goma sha biyar ba, kuma kowa ya ɗago kai yana kallonsa yana tafiya. Famfon ya yi tari, ya tofar da tsatsa, sannan ruwa ya zo. Gorar ta huje ta narkakken gefen, ruwan na bin hannunsa yana zuba a kan takalminsa, amma bai janye ba. Ya tsaya a nan yana riƙe da ita, yana faɗin sunan amininsa da ƙarfi, abin da bai yi ba shekara ashirin da takwas.

Nekane ta bar shi har ya gama. Sannan ta ɗaga keken daga kan hanya, ta share sirdin da hannun riga, ta dubi layin daga farko har ƙarshe.

"Lahadi mai zuwa ma ni ce ta sha ɗaya," ta ce. "Duk wanda bai so ba, ya gyara birkinsa."

Ta hau ta ja su har dutse na sha ɗaya, sannan ta kauce ta ba na bayanta hanya.