Ƙarƙashin Teburin Jirage

Da Jarmila Vondrova ta yi ritaya daga aikin lantarki, zaman gida ya ishe ta, sai ta shiga ƙungiyar masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa ta garinsu, Nymburk. A ɗakin ƙasa na wata tsohuwar makaranta suke taruwa, kewaye da wani ƙaton tebur mai duwatsun kwali da gadoji da tashoshi huɗu. Abin tinƙahon ƙungiyar shi ne jiragensu da kansu suke tsayawa. Jirgi ya doso tasha, danja ta yi ja, ya tsaya ya ɗan huta, ta yi kore ya wuce. Har lambar yabo suka taɓa ciyowa da wannan.

Ana gab da buɗe wa jama'a kallon jiragen na Kirsimeti, wanda aka sa ranar Asabar, Baba Alois, dattijon da aka ce shi ya ja wayoyin, ya zame a ƙanƙara ya karye a ƙugu. Tun ranar jirage suka koma wuce tashoshi a guje. Jarmila ta ɗauko tocila ta ce bari ta leƙa.

Shugaban ƙungiyar, Bohumil Kadlec, ya sha gabanta yana murmushi. "Haba Jarmila, da wannan gwiwar taki? Bar shi kawai, za mu san dabara."

"Gwiwata ba ta kai maka ƙara ba. Matsa."

Ta ɗaga labulen da ya kewaye teburin ta rarrafa ciki. Wari ne ya fara tarbarta, na zarni da tsohuwar giya da wani abu da ya mutu. Ta haska sama. Wayoyi na reto, an murɗe wasu an liƙe da cingam da ya yi baƙi. Tafin hannunta ya sauka kan abu mai laushi, ta duba, busasshiyar fatar naman alade ce da kashin ɓera. Shi kansa ɓeran yana can gefe, ya kumbura.

Ta toshe hanci ta bi wayar da ta fito daga tashar farko. Ta zaci za ta kai ta ga na'urar da ke yanke wa layi wuta. Sai ta kai ta ga wata 'yar kujera guntuwa, da matashi mai maiƙo, da allo mai makunni huɗu, da rami a jikin dutsen kwali daidai idon mutum. A bayan kujerar kwalabe ne a jere, a rufe, cike da wani ruwa mai launin ɗorawa. Ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ta fito da baya da baya.

"Bohumil, mutum kuke sawa a ƙarƙashin nan?"

Sauran mazan suka sunkuyar da kai kan jiragensu. Bohumil ya gyara wuyan rigarsa. "Na'urar ta ƙone tun tuni. Alois ya riƙe mana na ɗan lokaci, sai abin ya zarce."

"Dattijo ya wuni a duƙe, ba damar fitowa ko don fitsari, kai kuma kana sama kana karɓar lamba."

"Ai ba wanda ya ɗaure shi. Ke ma fa jikinki ba girma, ranar Asabar da za ki..."

Kallon da ta yi masa ya sa ya haɗiye sauran.

Da la'asar ta je asibiti, ta kai wa Alois lemo. Ta yi zaton zai yi kuka da 'yan ƙungiyar, sai ta tarar kunya yake ji.

"Kin gani ke nan, 'yar nan. Kwalaben na so in kwashe, faɗuwar ta riga ni."

"Baba, me ya sa ka yarda?"

"Ta ramin nan ina ganin fuskokin mutane in jirgi ya tsaya. Kuma da na gyara na'urar, wa zai ƙara nemana?" Ya juya lemon a hannu. "Bohumil yakan miƙo min nama ta ƙasan labule. Ba laifi."

Jarmila ta yi masa sallama ta fito.

Washegari ta zo da safar hannu ta roba da buhunan shara. Ba wanda ya taya ta kwasa. Ta wanke ƙasan da ruwan zafi, ta tumɓuke wayoyin cingam. Ta yanke ɗan guntun layi a gaban tashar farko, ta binne makunni tsakanin ƙarafan, ta manna maganaɗisu a cikin kowane jirgi yadda in ya bi ta kan makunnin wuta za ta ɗauke, danja ta yi ja, bayan ɗan jinkiri ta dawo. Ta liƙe komai da dalma. Lokaci bai ishe ta gyara sauran tashoshi ukun ba, kuma ta ce wanda ya ƙara shiga ƙarƙashin teburin nan da kanta za ta yaye labule a gaban jama'a.

Ranar Asabar ɗaki ya cika. Jirage suka riƙa tsayawa a tasha guda, suna wuce uku. Wata mata ta tambayi dalili, Bohumil ya ce ai bana sabon tsari suka fito da shi, na jirage masu sauri, kuma shi ya zana shi da hannunsa. Matar ta yaba. Da mai ɗaukar hoto ya zo, Bohumil ya miƙo hannu zai dafa kafaɗar Jarmila.

"Kar ka taɓa ni," ta ce a hankali.

Ta ɗauki akwatin kayan aikinta ta hau matakala. A waje sanyi ya buge ta, ta tsaya bakin magudana ta tofar da yawu, sannan ta nufi tashar bas.