Akawu Ya Fita Neman Mura

Akawu yana da 'yar matsala guda: ba ya karanta abu ya kai ƙarshe. Layi biyu, sai ya ce ya gane.

Tun da likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini, matarsa ta rataye kaskon suya a ƙusa, can sama. Babu soyayyen ƙwai, babu nama mai maiƙo. Sharaɗinta ɗaya: in gwaji na gaba ya nuna kitsen ya sauka, kasko ma zai sauko.

Ran nan a ofis ya ci karo da wani bincike a waya: waɗanda mura mai tsanani ta kwantar, an ga kitsen jininsu ya ragu. Ya kife wayar yana murmushi. Mutane na ta tsalle-tsalle da sassafe, ashe mura ma tana yi!

Sai ya shiga farauta. In ya hau bas, kusa da mai atishawa yake zama, ya rufe taga. Ya ji mai aski na tari, sai ga shi yau aski, gobe aski, alhali kansa tal yake kamar ƙwan da aka hana shi.

"Baban yara, wai me ake aske maka?" in ji matarsa.

"Zumunci ne, ke ba za ki gane ba."

Rabin ofis ya kwanta, shi garau. Har ya fara jin haushin lafiyarsa. Da ƙyar dai murar ta kama shi: zazzaɓi, tari, ciwon gaɓoɓi. Yana rawar sanyi cikin bargo ya ce maza a kai shi gwaji.

Likita ya duba sakamako, ya kuma duba binciken da Akawu ya nuna masa a waya. "Ya sauka kam. Amma ciwon ne ya danne shi. Kana warkewa zai koma inda yake. Ai masu binciken sun faɗa a ƙasan rubutun..."

"Likita, mu tsaya a maganarka ta farko."

Matar ta ji komai, amma ta riga ta yi alkawari. Ta taka kujera ta sauko da kasko. "Na yau kaɗai," ta ce. Ƙwai ya sha mai, nama na ƙyalli. Akawu ya gyara zama, ya kai loma. Ya tauna. Ya sake taunawa. Ya kai hanci bakin faranti.

Murar ta tafi da ƙanshi da ɗanɗano. Ranar da suka dawo, kasko yana kan ƙusa.