Ku da Ke a Plitvice

Tun da Sanja ta bugo waya ta ce su je tafkunan Plitvice, Zdenka ta san akwai magana a ƙasa. Wa ke zuwa kallon ruwa a tsakiyar Janairu, in ba baƙin ƙasashen nesa ba, sai wanda ke da abin da bakinsa ya kasa faɗa a cikin ɗaki?

Sanja matar ɗanta ce, Davor, wanda ciwon zuciya ya ɗauke hunturu biyu da suka wuce. Ba su haihu ba. Abin da ke cin Zdenka a rai ke nan: babu jika, babu wata igiya da ta rage tsakaninta da yarinyar nan sai kirki, shi kuwa kirki yakan gaji. Maƙwabciyarta ta riga ta tsegunta mata cewa an ga Sanja a garin Rijeka da wani mai gilashi, suna tafe kafaɗa da kafaɗa. To, yau ce ranar sallama ke nan. Zdenka ta saka kwat ɗinta mai kyau, don in za a yar da ita, a yar da ita da mutuncinta.

"Ku riƙe ni, katakon nan da santsi," in ji Sanja, lokacin da suka hau siririyar gadar da ta ratsa gefen tafki.

Ku. Kullum ku. Shekara da shekaru yarinyar ba ta taɓa ce mata Mama ba, ba ta taɓa ce mata ke ba, sai wannan ladabi mai sanyi irin na 'yan Zagreb, wanda ake yi wa likita da mai gidan haya. A asibiti ma, ranar da aka rufe wa Davor ido, cewa ta yi, "Ku zauna, za ku faɗi."

"A nan aka haife ni, yarinya," in ji Zdenka. "Ina bin dutsen nan da takalmin roba tun uwarki ba ta san hanyar makaranta ba." Amma ta riƙe hannun, don gwiwarta ba ta san da wannan tarihi ba.

Babbar magangarar ruwan ta daskare kusan duka. Ƙanƙara ta sauko daga saman dutse kamar labulen da aka manta a igiyar shanya, fara a waje, shuɗi-shuɗi a ciki, sai ta tsakiya kawai ruwa ke zubowa da ruri. Wasu baƙi na ɗaukar hoto, kowa hanci ja. Zdenka ta tsaya tana kallo, kuma duk da ta sha ganinsa, sai da abin ya taɓa ta. Davor yana yaro yakan yi ihu a nan don ya ji ko zai fi ruwan murya.

Sanja ta matso, ta ce, "Akwai abin da nake so in gaya muku."

Zdenka ta ji sarai. Kunnenta yana jin tafasar tukunya daga ɗaki na uku. Amma ta ɗaga hannu ta nuna ruwan. "Me? Ba na jin komai! Bari sai mun zauna!" Tsoro ne, ba wani abu ba. Ta ga in za a yanka ta, gara a bari ta ci abinci tukuna.

Gidan abincin da suka je yana kan hanyar Korenica, ɗaki ne na katako mai murhu a tsakiya, hayaƙi ya mayar da rufinsa baƙi. Mai kawo abincin wani ƙato ne mai gashin baki, Joso. Yana jin yadda Zdenka ta gaishe shi ya gane 'yar gida ce.

"A'a, Inna, ke tamu ce ashe! Wane gari?"

Ta faɗa masa.

"Garin marowata! Ku ne kuke ƙirga dankali kafin ku ba baƙo. Zauna kusa da wuta, ki ga yadda mutane ke ciyar da mutane."

"Ka kawo mu gani. In ragon nan ya girmi ubanka zan sani tun daga ƙamshi."

Ya fara kawo cukun gida mai ƙara a haƙori, da burodi mai zafi, da ƙananan kofuna biyu na barasar da mai gidan ke dafawa da kansa. Daga baya naman ɗan rago ya iso, da dankalin da aka tsaga biyu aka gasa da bawonsa, da kabeji mai tsami. Ya dubi Sanja, wadda ba ta taɓa komai ba, ya ce, "Inna, ki yi wa 'yarki faɗa ta ci. Iska za ta tafi da ita."

Babu wadda ta gyara masa. Da ya wuce, Sanja ta ajiye cokali mai yatsu, ta faɗi abin da ta zo faɗa. Sunansa Branimir, malamin makaranta ne a Rijeka, mutumin kirki, ya san labarin Davor. Za su yi aure bayan Ista. Ba ta so Zdenka ta ji a bakin wani.

Zdenka ta shirya amsarta tun a gida, mai kyau, mai sanyi: Allah ya sanya alheri, kina da ƙuruciya, ba ki da laifi. Ta buɗe baki ta faɗe ta, sai wata daban ta fito.

"Wancan ƙaton bai san ni ba, ko minti bai yi ba ya ce min ke. Ke kuwa kin ci a tukunyata, kin yi kuka a kafaɗata, mun binne mutum ɗaya tare, amma har yau ku, ku, ku, kamar ni taron jama'a ce. Ki tafi abinki. Dama ba ki taɓa shigowa ba."

Sanja ta dube ta. Fuskarta ta yi ja, kuma ba wuta ba ce.

"Ku ne babba," ta ce a hankali. "Babba ke ba da izini. Ƙarami ba ya ɗauka da kansa, haka aka koya mini a gidanmu. Ranar bikinmu na jira ku ce. Kirsimetin farko na jira. Na tambayi Davor, ya ce in ƙyale ku, za ku faɗa in kun shirya. Sai na ɗauka ba ku so."

Zdenka ta ji kamar an zare kujerar da take kai. Ita ma ta taɓa tambayar Davor, me ya sa matarka ke riƙe ni da tsinin yatsu? Ya ce, ƙyale ta Mama, za ta saba. Sakaran yaro, Allah ya ji ƙansa, ya fi son zaman lafiya da komai. A ƙauyensu ba a neman izinin irin wannan, mutum yakan wayi gari ne kawai ya ji ya zama na gida. Ashe ita tana jiran a shigo, yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa tana jiran a ce bismillah. Kunya ta kama ta, baƙin ciki ya biyo baya, na duk shekarun da suka tafi a banza.

Ta ɗauki ƙaramin kofinta. Ta ɗaga shi sama.

"To, ni ce babba," ta ce. "Ga shi na ce. Ki ce min ke."

Sanja ba ta ɗauki nata kofin nan da nan ba. Ta goge ido da bayan hannu, ta motsa baki kamar mai gwada sabon haƙori.

"Kin makara," ta ce.

"Na sani."

"Kin makara ƙwarai." Sai ta ɗauki kofin ta buga a na Zdenka. "Za ki zo bikin. Ba tambayarki nake ba. Uwata ta rasu, babana ba ya gane kowa yanzu. Ina so in waiga in ga wani nawa a benci na gaba."

Zdenka ta hango kanta a cocin Rijeka, tana kallon matar ɗanta tana amsa wa wani namiji. Ta san zai yi zafi, zafin da babu kwat ɗin da zai tare. Da "ku" aka gayyace ta, da ta ce gwiwa ba za ta bari ba, kuma da an karɓi uzurin cikin ladabi.

"Wace rana ce?" ta tambaya.